Sanarwa ga masu tafiya baje kolin Guangzhou

Assalamu alaikum, ƴan uwa mambobin wannan rukuni.

Ganin cewa wasunmu suna shirin tafiya ƙasar Sin domin baje kolin Canton, wanda ake buɗewa a Guangzhou cikin Afrilu da Oktoba, muna tunatar da juna yadda ya kamata mu yi mu'amala da mutanen gari.

Idan ɗan kasuwa ya miƙo muku katinsa da hannu biyu, ku karɓa da hannu biyu, ku duba shi kafin ku ajiye, domin cusa shi a aljihu ba tare da an duba ba raini ne a wurinsu. Idan ya zuba muku shayi, ku kurɓa kafin a shiga ciniki. A taya kaya da sakin fuska, kada a ɗaga masa murya a gaban yaran shagonsa, don wanda aka kunyata da wuya ya yi ragi.

Wanda ya sauka a gidan wani maimakon otal, doka ta wajabta masa yin rajista wurin ƴan sanda cikin awa 24, kuma sakaci da wannan yana iya jawo wa mai masauki matsala.

Allah ya kai ku lafiya.