Ku leƙo Dutsen Kufena ma

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan aiki lafiya.

Na karanta labarin da kuka buga kan dutsen nan na ƙasar Mali da ake kira Hannun Fatima, kusa da garin Hombori, wanda Turawa masu hawan dutse ke zuwa da igiyoyinsu kafin rikicin 2012 ya tare hanya. Gaskiya na ji daɗinsa, sai dai ina gama karantawa zuciyata ta koma kan namu na gida.

Irin wancan dutsen yashi ne, wato yashi ne ya taru ya dunƙule tsawon miliyoyin shekaru har ya zama dutse, wani irinsa kuma in ya sha ruwa sai ya yi laushi, kana kama gefensa ya gutsuro a hannunka. A Jamus ma akwai irinsa a bakin kogin Elbe, kuma masu hawa can sun kafa wa kansu doka: ba a hawa in dutsen na jiƙe, ba a cusa ƙarfe cikin tsaginsa, sai dai a ƙulla igiya a tura ƙullin ya riƙe mutum, duk don kar a ji wa dutse rauni.

Mu kuwa Allah Ya ba mu Kufena, dutse mai tauri wanda ruwa bai yi masa komai, amma ga shi hannunmu na yi masa. Ni tun ina yaro muke hawansa ta ɓangaren Wusasa ranar yawon sallah, ƙafa ba takalmi, mu kai sama muna haki mu hango birnin Zazzau shimfiɗe kamar tabarma. Kakana ne ya fara nuna mini ragowar ganuwa a gindinsa, ya ce mutanen Zazzau sun zauna nan bayan tasowarsu daga Turunku, kafin a kafa birnin da muke ciki yanzu.

Watan jiya na kai yarana biyu, wallahi sai da na yi da na sanin zuwa. Ko'ina ledar fiya wata da robobin lemo, samari sun bi fuskar dutsen da fenti suna rubuta sunayensu da na 'yanmatansu, can gefe kuma sai ƙarar guduma kake ji, ana fasa ana tarawa ana jiran tifa. Ban ga laifin talakan da ke neman na tuwo ba, ai rana yake sha. Amma wa ya shata masa inda zai tsaya? Ƙaramin ɗana ya tambaye ni ina ganuwar da nake ba shi labari, na daɗe ina dube-dube kafin na nuna masa wani tudun ƙasa da ciyawa ta rufe.

Don Allah ku turo wakilinku da kyamara ya hau da kansa ya gani, ya kuma tambayi hukuma wa ke ba da izinin fasawar nan. In yana neman ɗan rakiya, ni zan kai shi, na san hanyar da ba ta da santsi.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya.