Wasiƙar Makaranta: 'Yar Mahaucin da Ta Ƙetare Teku da Ninƙaya

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara,

Assalamu alaikum. Idan 'yan aji biyar sun ishe ku da sunan Gertrude Ederle a makon nan, mu muka jawo. Labarinta muka ɗauka a darasin tarihi.

'Yar wani mahauci ce a birnin New York na Amurka, an haife ta a 1905. Ranar 6 ga Agusta 1926 ta shiga teku daga Cap Gris-Nez a Faransa, ba ta taka ƙasa ba sai a Kingsdown ta Ingila, bayan awa 14 da rabi. Maza biyar ne kaɗai suka riga ta ƙetare wannan mashigin teku da ake kira English Channel, kuma ta fi gwaninsu sauri da kusan awa biyu. Faɗin wurin bai wuce kilomita 34 ba, amma igiyar ruwa ta yi ta jan ta gefe har ta ninƙaye wajen 56. Maiƙo ta lafta a jiki saboda sanyi, ta sa tabaran 'yan babur da aka liƙe gefensa da kakin kyandir don kada gishiri ya shiga ido. Yaran sun fi son wannan ɓangaren, har wani ya zana ta tana ƙyalli kamar an tsamo ta daga tukunyar suya.

Ni kuwa 1925 ta fi tsaya mini a rai. A shekarar ta fara gwadawa, mai koyar da ita ya sa aka tsamo ta bayan fiye da awa takwas, kuma a ƙa'ida da zarar an taɓa mai ninƙaya, shi ke nan. Ta sauya malami, ta dawo.

Ƙyanda ta taɓa mata kunne tun tana ƙarama, ruwan teku ya ƙara lalata shi. Daga baya ta koma koya wa yara kurame ninƙaya a New York. Ta rasu a 2003 tana da shekara 98.

Sai roƙo ɗaya. Damina ta kankama, kududdufai sun cika, kuma mun ji wasu na cewa za su gwada. Mun tuna musu cewa ita jirgin ruwa ke biye da ita tun daga farko har ƙarshe, mahaifinta da yayarta na ciki. Don Allah a sa ido a kansu, musamman bayan an tashi makaranta. Zane-zanensu na nan manne a bangon aji ga mai son leƙawa.

Wassalam,
Shugabar makaranta