Sanƙarau: Abin da annobar 1996 ta gyara, da inda har yau ake tuntuɓe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan sanƙarau, tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, kuma daga Disamba zuwa Yuni ne cutar ke cin kasuwarta.

A 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa. Tsarin wancan lokaci shi ne a jira cuta ta ɓarke sannan a bazama neman allurar rigakafi, kafin ta iso an gama jana'izar da za a yi. Ita kanta allurar ba ta wani ƙarko: kariyarta ba ta wuce shekara uku, ba ta kama jikin yaro ɗan ƙasa da shekara biyu sosai, kuma ba ta raba mutum da ƙwayar da ke ɓoye a maƙogwaronsa yana yaɗa ta ba da saninsa ba. Wannan asara ce ta sa a 1997 aka kafa rumbun ajiyar allurai na duniya domin gaggawa, daga baya aka ƙera MenAfriVac, sabuwar allurar rigakafin nau'in A na ƙwayar sanƙarau, a Indiya kan farashin da bai kai rabin dala ba. An fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Nijeriya ta biyo baya a 2011, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Nau'in A, wanda ya yi ɓarnar 1996, kusan ya zama tarihi, kuma tun 2019 allurar tana cikin jerin rigakafin yara a wata tara.

Sai dai ƙwayar sanƙarau ba iri ɗaya ba ce. Da A ya kauce sai C ya samu wuri: ya afka wa Nijar a 2015, ya afka wa Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017, inda mutum sama da 1,000 suka rasu a ƙasar nan. Jama'a suka ce ai an yi mana allura, to me ya faru? Amsar ita ce allurar A ba ta hana C. A 2024 ne Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, A, C, W, X da Y.

A nan ne nake so hukuma da jama'a su tsaya su duba. Ba a sakin allura daga rumbun duniya sai an tabbatar da nau'in da ke yawo, ba a kuma gane nau'in sai da ruwan da ake ɗiba daga gadon bayan majinyaci. Ƙa'idar a fili take. A yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka samu mutum uku da ake zargin sun kamu cikin kowane 100,000 a mako guda, a shiga shiri. Idan suka kai goma, annoba ce, kuma ana so a fara allura cikin mako huɗu. Duk wannan lissafi ya rataya ne a wuyan ma'aikacin ƙaramin asibiti da zai cike takarda ya kai wa jami'in sa ido na ƙaramar hukuma kowane mako, ko da sifili ne zai rubuta.

Wajen samfurin ruwan bayan ne aiki ya fi lalacewa. Ƙwayar sanƙarau ba ta jure sanyi, amma ma'aikaci da ya saba da ajiye komai a firji sai ya jefa ruwan a cikin ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji matacce. Daidai shi ne a zuba kamar mililita ɗaya a cikin kwalbar musamman ta ɗaukar samfur cikin awa guda da ɗiba. Kwalbar ana ajiye ta a firji kafin amfani, a fito da ita ta huce kafin a zuba, bayan an zuba kuma ba ta sake komawa sanyi. In tafiyar za ta wuce kwana ɗaya, a soka mata allura mai toshiyar auduga don ta sha iska. Sau da yawa ma kwalbar babu ita a asibitin, ko wa'adinta ya wuce tun bara. Rashin kwalba kuwa ba hujjar jinkirta magani ba ne: a annoba ana ba da ceftriaxone, allurar kashe ƙwayar cutar, kwana biyar, jariri ɗan ƙasa da wata biyu kwana bakwai, kuma a fara nan take.

Sai kuma batun amana, wanda shi ma gadon 1996 ne. A tsakiyar annobar ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya shafi yara 200, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya rura ƙin allurar shan inna a 2003, har sai da aka koma yi a 2004, daga baya sarakuna suka sa baki. Ya kuma taimaka wajen fito da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa a 2007. Amma doka a takarda ba ta kwantar da hankalin uban da aka ce za a soka wa ɗansa allura a baya. Mutane da yawa na ɗauka ɗiban ruwan nan ke gurgunta yaro, alhali cutar ce ke barin kurumta da shanyewar jiki ga ɗaya ko biyu cikin goma da suka tsira. Wanda ya ga cizon maciji, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba a yi masa tsawa, a zaunar da shi a yi masa bayani da Hausa: ƙasa da inda lakar ta ƙare ake ɗiba, kuma kaɗan ne.

Iyaye kuma su sani, jariri ba ya nuna sanƙarewar wuya kamar babba. Zazzaɓi, ƙin nono, kuka mai tsanani da kumburin maɗiga sun isa a ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, ba a tsaya shafe-shafe da turare ba, domin cutar kan yi kisa cikin kwana ɗaya.

Roƙona ga kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa shi ne, kafin ƙarshen Disamba kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya samu kayan ɗiban ruwan baya, da kwalaben da wa'adinsu bai wuce ba, da ceftriaxone a ajiye, da mutum biyu aƙalla da suka iya aikin, da kuɗin man babur ɗin da zai kai samfur birni.

Na gode.

Daga wani ma'aikacin lafiya, Kano