Koken Masu Kiwon Kifi Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Haɗejiya

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu talakawanka ne masu kiwon tarwaɗa da ƙarfasa a gefen kogin Haɗejiya, daga ƙasar Auyo har zuwa Kirikasamma da Guri. Yawancinmu 'ya'yan masunta ne. Da kifin kogi ya ja baya, muka haƙa kududdufai, muna sayen 'ya'yan kifi muna reno wata biyar ko shida, sannan mu sayar ɗanye, ko matanmu su yi banda.

Ranka ya daɗe, kukanmu a kan ruwa ne. Akwai masu zuba maganin ƙwari a kogi da daddare, kifi ya taso sama su kwashe. Ruwan nan shi muke ja da injin mu zuba a kududdufanmu. Wani ɗan'uwanmu ya canza wa kifinsa ruwa da magariba, da asuba ya je ba su abinci ya tarar duk sun juya ciki sama, fari fat, har manyan da ya ware don haihuwa. Wata huɗu yana ɗura musu abinci, buhu mai kilo 15 bayan buhu, akasari da bashi. Haka muka taya shi haƙa rami muka binne, domin ba za mu kai wa musulmi guba kasuwa ba. To shi wanda ya zuba maganin fa, ina ya kai nasa kifin? Cikin tukunyar jama'a ya shiga, kuma ruwan nan dabbobi na sha, yara na wanka a ciki.

Ga kuma kachala. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canza, ciyawar nan ta samu wurin zama ta toshe magudanai. Da rani ruwa ba ya iso mu, da damina ya rasa hanya ya haura gaɓa, kamar yadda ambaliyar 2022 ta tafi da kifin da yawa daga cikinmu.

Muna roƙon Sarki ya umarci hakimai da dagatai da sarakunan ruwa su yi shela a kasuwanni da masallatan Juma'a cewa an haramta kamun kifi da guba, duk wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma, ko ɗan wane ne. Muna kuma roƙon a sa ranar gayyar yankan kachala kafin ruwa ya sauko. Lauje da kwalekwale da ƙarfinmu duk mun tanada, amma inda ta yi kauri sai injin, don haka muke fatan Sarki ya kai maganar gaban gwamnatin Jihar Jigawa.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
Masu kiwon kifi na gefen kogin Haɗejiya