Gyara kan hotunan haikalin Khajuraho

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi gyara kan wasu hotuna da ke yawo a WhatsApp, waɗanda suka iso har ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Ringim. Wani ɗalibina ne ya miƙo mini wayarsa bayan an tashi daga aji, kansa a sunkuye, ya ce: "Malam, wai da gaske nan wurin ibada ne?" Hoton mace da namiji ne rungume da juna, an sassaƙa su a jikin dutse, an kuma rubuta a ƙasa cewa gidan batsa ne na Indiyawa.

Wurin ibada ne, sunansa Khajuraho, a jihar Madhya Pradesh ta ƙasar Indiya. Sarakunan Chandela ne suka gina yawancin haikalan tsakanin 950 da 1050, an ce sun kai 85, yau saura wajen 25, kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1986. Mafi girma, Kandariya Mahadeva, tsayinsa kimanin mita 31 ne, kuma magina ba su sa siminti ba, sun sassaƙa duwatsun ne suka sarƙa su da juna.

Hotunan masoyan ba su wuce kusan kashi 10 cikin 100 na sassaƙen ba, galibi a bangon waje suke, yayin da ɗakin tsakiya ƙarami ne, mai duhu, marar ado. Saura kuwa sun haɗa da makaɗa da mayaƙa da giwaye, ga wata mace tana sa kwalli, ga wata ta ɗaga ƙafa tana cire ƙaya, kamar ka ga 'yar ƙauyenmu ta dawo daga gona. A wajen mabiya Hindu soyayya, wadda suke kira kama, ɗaya ce daga manufofin rayuwa huɗu, kuma har yau a haikalin Meenakshi da ke birnin Madurai a kudancin Indiya ana bikin auren abin bautarsu duk shekara.

Ni Musulmi ne, ban yarda da bautar gumaka ba, kuma wasu hotunan ba zan nuna wa yara ba. Amma addinina bai ba ni izinin yi wa kowa ƙarya ba, kuma yana damuna ƙwarai cewa mu da muka girma muna kallon finafinan Indiya ba mu san ma'anar gine-ginen da muke gani a cikinsu ba. Ina roƙon jaridarku ta ware shafi guda kan tarihin waɗannan haikalai, tare da hoton mai cire ƙayar, domin in manna shi a bangon aji.

Naku,
Malamin tarihi, Ringim, Jihar Jigawa