Dokar hana kwafin ɗan Adam: a waiwayi matan da ake ɗiban ƙwansu

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini.

Tun lokacin da aka baza jita-jitar Jibrin na Sudan, wai wani mai kama da shugaban ƙasa ko kwafinsa ne ke mulki, har marigayi Shugaba Buhari ya fito a ƙasar Foland a 2018 yana cewa shi ne dai ba wani ba, jama'armu suka ɗauka yin kwafin mutum tamkar saka takarda ne a na'ura, ta fito da dattijo da gemunsa. Ko kusa ba haka abin yake ba. Ƙwan mace ake samu, a cire cibiyar da ke ɗauke da gadon halitta, a cusa ta wani mutum a gurbinta, sannan a dasa a mahaifa. Idan ma an dace, jariri za a haifa, tagwayen wancan mutumin da ya zo a makare, da halinsa daban da rayuwarsa daban.

Ina goyon bayan haramta kwafin ɗan Adam, kuma tunkiyar nan Dolly, wadda aka samar ta hanyar kwafi, ta ishe ni hujja. A Cibiyar Roslin ta Sikotlan aka haife ta a 1996, bayan an gwada ƙwai 277, ita kaɗai ta rayu. Ta mutu a 2003 tana da shekara shida. To, a ɗora wannan lissafi a kan 'ya'yan mutane mana! Ciki nawa zai zube, jarirai nawa za su zo da nakasa kafin a samu guda? Ga kuma batun nasaba da gado, wanda malamai suka fi ni sani. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta haramta abin a zamanta na Jidda tun 1997.

Duniya dai ba ta yi baki ɗaya ba. Ingila ta hana kwafi don haihuwa a 2001, amma ta bar ƙofar bincike don neman magani. Faransa ta sa shi cikin manyan laifuffuka a 2004. A Amurka Majalisar Wakilai ta amince da haramci sau biyu, ta Dattawa ta yi shiru. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2005 kuwa, ƙasashe 84 suka yarda, 34 suka ƙi, 37 suka ƙaurace, ba ta kuma ɗaure kowa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ana ta musu a kan ɗan tayi, an manta da mai ƙwan. Ku tuna da Hwang Woo-suk, masanin kimiyya na Koriya ta Kudu, wanda ya yi iƙirarin nasarar yin kwafin ɗan tayin mutum a 2004 da 2005, daga baya asiri ya tonu ashe ƙarya ce ya shirya. Ƙwai sama da 2,000 ya yi amfani da su. Wasu matan biyansu aka yi, wasu kuma ƙananan ma'aikatansa ne, waɗanda da wuya su iya ce wa maigida a'a. Ɗiban ƙwai ba wasa ba ne: allurai ake yi wa mace na kwanaki, kuma akwai wadda cikinta ke kumbura har a kwantar da ita.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kwafin mutum a Najeriya, ta kuma hana shigo da ɗan tayi ko fita da shi. Madalla. Sai dai ni ba na tsoron wani zai yi kwafin mutum a Kano gobe. Tsorona yarinyar da babu ta yi wa katutu, a nuna mata kuɗi, ta sa hannu a takardar da ba ta karanta ba.

Don Allah, ranka ya daɗe, ku tura wakilinku asibitocin dashen ciki ya tambayo mana: wa ke duba inda ƙwan ke fitowa, kuma wa ke bibiyar lafiyar mai shi bayan an sallame ta?

Naka mai karatu kullum,
daga Samaru, Zariya.