Godiya ga shagon da bai raina ɗinkin 'yar tsana ba

Assalamu alaikum.

Zuwa ga mai shagon kayan ɗinki da dukkan ma'aikatanta,

Da gangan na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a, domin godiyar da na yi muku da baki a ranar ba ta kai abin da kuka yi mini ba, kuma ina son 'yan'uwana masu irin sana'ata su san akwai inda za su je a saurare su. Ni mai ɗinkin tufafin zamanin da ce, na 'yan tsana irin waɗanda masu tara kayan tarihi ke adanawa a cikin gilashi. Sana'a ce da ba kowa ya san da ita ba, kuma mai yin ta yakan sha raini kafin ya samu ƙyallen da zai yi aiki da shi.

Na saba da yadda abin yake a wasu wuraren. Za ka shiga a tarbe ka da fara'a, a fara sauko maka da yadi, amma da zarar ka ce na 'yar tsana ne sai fuska ta canza. Wani ya yi dariya ya ce ai kowane tsumma ma ya isa. Wani ya nuna maka kwandon ragowar yanke-yanke ya juya ga mai sayen yadi goma. In ka nemi a yanka maka ɗan kaɗan, a ce ba a yanka ƙasa da yadi guda, alhali rigar gaba ɗayanta ba za ta ci rabinsa ba. Ban taɓa jin haushin mai shago don yana neman riba ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba a ma tsayawa a ji me nake nema.

Ga abin da nake ta son a fahimta. 'Yar tsana mai tsawon santimita 45 kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce na tsawon mace. An rage jikinta, amma babu wanda ya rage kaurin zaren da aka saƙa yadi da shi. Yadin da zai kwanta luf a jikin mutum, in ka ɗora shi a kanta sai ya miƙe ya sandare kamar an naɗe ta da tabarma. Furen da faɗinsa santimita 3 ne a jikin yadi, a kanta daidai yake da fure mai santimita 12 a rigar mutum. Maɓallin riga na yau da kullum ya kusa rufe mata ƙirji. Haka bakin ɗinki: abin da tela zai bari santimita ɗaya da rabi, ni milimita 3 ko 4 nake bari, don haka in yadin mai tsefewa ne, kafin in kai ƙarshen hannun riga ya warware a yatsuna. Ga kuma shafi, ga fatari, ga tattara; kowanne yana ƙara kauri a ƙugu, har surar da ake nema ta ɓace.

Aikin da ya kai ni wurinku na wata tsohuwar 'yar tsana ce ƙirar Faransa, ta shekarun 1870, zamanin da kamfanonin ƙera 'yan tsana irin su Jumeau da Bru ke tashe a Paris. Kanta na tangaran ne, jikinta kuwa farar fatar ɗan akuya ce da aka ɗinke aka cusa. Irin waɗannan a lokacinsu ana yi musu sutura tamkar ta manyan mata, har akwai mujallar La Poupée Modèle da ta fara fitowa a 1863 tana buga wa 'yan mata zanen yankan kayan 'yan tsanarsu. Mai ita tana son riga irin ta wajen 1875, wato mai matse jiki daga sama, da jerin ƙananan maɓallai a gaba, da siket mai tudu a baya da jela tana jan ƙasa, an zagaye bakinsa da ƙananan tattara. Babu zif, domin zif bai zama ruwan dare a tufafi ba sai shekarun 1930. Foliyesta kuwa sai 1941 aka ƙirƙiro ta. Dole sai siliki na gaske, marar nauyi, wanda ba ya zuba.

Kafin in zo gare ku wani ya rantse mini cewa abin da ya ba ni siliki ne tsantsa. Da na kai bakinsa ga wuta sai ya narke ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallon roba. Wata kuma ta tallata mini tsohon siliki, ta ce ai na zamanin ne, ya fi dacewa. Na zamanin ne kam, amma irin wanda masu masaƙa na ƙarshen ƙarni na 19 ke jiƙawa da gishirin kuza don ya yi nauyi da sheƙi, kuma irin wannan in ya tsufa tsagewa yake da kansa. Allura na shiga ya dare. Ko ta san da haka ko ba ta sani ba, ba ta karɓi kayanta ba.

Da wannan gajiyar na shigo shagonku, na riga na shirya wa dariyar da na saba ji. Sai wata baiwar Allah da ke tsaye wajen teburin yanka ta ce, "Anti, tsawonta nawa, kuma ta wace shekara ce?" Wallahi sai da na ɗan yi shiru, don ba a taɓa yi mini wannan tambayar a shago ba. Da na faɗa mata, ta ƙara da cewa, "Jikin nata fata ne ko ƙyalle?" A nan na san na zo inda ya dace, domin wanda bai san aikin ba ba zai damu da jikin ba. Rinin da ya zuba a kan farar fata mai shekara ɗari da hamsin ba ya fita, kuma darajar 'yar tsanar ta ragu ke nan har abada.

Ta sauko da siliki kala-kala, amma ba ta shimfiɗa su a tebur yadda aka saba ba. Kowanne sai ta ɗora gefensa a kan yatsunta biyu ta bar shi ya zubo, ta ce in duba yadda yake lanƙwasa a ɗan wannan taƙin, tunda a jikin 'yar tsana iyakar filin da zai samu ke nan. Wanda ya tsaya ƙiƙam ta mayar da shi. Wanda ya yi laushi da yawa har ba zai riƙe tattara ba, shi ma ta ajiye shi gefe ta ce sai dai shafi. Ta zare zare ɗaya daga bakin wanda muka tsayar, ta fita da ni waje ta ƙyasta ashana. Ya yi ƙaurin gashi, ya bar toka mai murƙushewa, alamar siliki na gaske. Ta ce, "Kin gani da idonki, ba sai na rantse ba."

Akwai wani ja mai duhu da ya shiga raina ƙwarai, kuma ya fi sauran tsada. Da wani wurin ne da tuni an naɗe mini shi ana yaba zaɓina. Ita kuwa ta jiƙa farin ƙyalle, ta danna a gefensa na ɗan lokaci, ta ɗaga ta nuna mini. Ya yi jaja-jaja. Ta ce ba za ta sayar mini da shi don wannan aikin ba, ko da zan sa shafi, saboda damshin iska kaɗai ya isa ya kai rinin ga fata a hankali. Ta kawo wani mai launin shunayya wanda bai zuba ba, har ta tuna mini cewa tun 1856 da William Perkin ya gano rinin shunayya na sinadari a Ingila launin ya bazu a kayan mata, don haka ba zai zama baƙo a rigar 1875 ba. Yarinya ce ƙarama, ban fi tsammanin ta san sunan yadi da farashinsa ba, sai ga shi ta san abin da take sayarwa har tushensa. Allah ya yi wa iyayenta da wanda ya koya mata albarka.

Sauran kayan ba su ɗauki lokaci ba: ribin siliki mai faɗin milimita 2 da mai 4, maɓallai 'yan mitsi-mitsi, allura lamba 12, da siririn zaren siliki. Aka yanka mini daidai abin da nake bukata ba tare da ɓata rai ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan ɗabi'a ta zama abin mamaki. Masu sayarwa a intanet su ɗauki hoton leshi ba tare da sun ajiye abin awo a gefensa ba, sai ya iso ka ga faɗinsa ya kai rabin siket ɗin. A rubuta siliki a kan abin da bai haɗa hanya da siliki ba. A ɗinka riga da yadin roba mai ƙyalli, a manna mata abin mannewa a baya, a kira ta ta zamanin Sarauniya Victoria, mai saye kuma ya biya don bai sani ba. Duk tushensa ɗaya ne, an ɗauka abin da aka yi wa 'yar tsana wasan yara ne. Alhali a gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan akwai wasu 'yan tsana biyu na katako, Lord da Lady Clapham, na shekarun 1690, waɗanda masu binciken tarihin sutura ke dubawa don kayansu sun tsira cif har da na ciki, abin da da wuya a samu a tufafin mutanen wancan lokaci. A 1945 ma, da Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Paris cikin ƙarancin yadi, manyan gidajen ɗinki irin su Balenciaga da Nina Ricci a jikin 'yan tsana na waya masu tsawon kusan santimita 70 suka nuna sababbin ɗinkunansu, aka zagaya da su biranen Turai har Amurka. Waɗancan teloli ba su ga ƙasƙanci a yin ƙaramin aljihu da ƙaramin maɓalli mai aiki ba.

Rigar ta kammalu. Tattarar bakin siket ta kwanta yadda nake so, tudun baya ya tsaya ba tare da ya kumbura ƙugu ba, mai 'yar tsanar kuma ta karɓa da murna. Na gaya mata cewa rabin yabon na wata ma'aikaciyarku ne.

Hajiya mai shago, roƙona biyu ne. Ki riƙe yarinyar nan da kyau, ki bar sababbin ma'aikata su tsaya kusa da ita su ga yadda take tambayar mai saye kafin ta ɗauko almakashi. Sannan in da hali a ƙaro launukan ribin mai milimita 2, musamman ruwan ƙasa da ruwan toka, don akwai rigar shekarun 1860 da ke jirana kuma wurinku zan dawo.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa, ya saka muku da alheri.

Taku,
Mai ɗinkin kayan 'yan tsana